Sunan da Gwaggo Kulu Ba Ta Faɗa

Gwaggo Kulu tana da 'ya'ya shida, amma duk wanda ya tambaye ta biyar take ce masa. Ba mantuwa ba ce. Wanda take cirewa shi ne na farko, kuma a Dudunni mace mai kunya ba ta sa ɗan fari a cikin nata.

Yayar mahaifina ce. Sunanta na yanka Hawwa'u, sai dai sau ɗaya tak na taɓa jin an kira ta da shi, kuma zan zo wurin. A Kankia aka haife ta, a gidan da nake zaune yanzu. Ta yi aure a Dudunni ta ƙasar Kusada shekara arba'in da suka wuce. Mijin ya rasu ya bar ta a ɗakinta cikin 'yan'uwansa, kuma tun zuwanta garin sana'arta ɗaya ce, daddawa. Takan dafa kalwa tun daga hantsi har la'asar, ta surfe ta a turmi, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta juye a kwando ta rufe da ganye da tsohon buhu, ta tura ƙuryar ɗaki kwana uku. Ranar da za a buɗe kwandon, maƙwabta ba sa bukatar a sanar da su. Masu sayar da tuwo a tashar Kankia sun san daddawarta da ido, domin ba ta naɗa ta da faɗi kamar sauran mata. Ƙanana take yi masu kauri, da shaidar babban yatsanta a tsakiya. Ba ta da waya. Tana da ƙaramin rediyo ɗaure da roba da take ratayawa a jikin rumbu, kuma ta yarda da duk abin da ya faɗa, ban da hasashen ruwan sama.

Ɗan farin nata shi ne Haladu, ɗan acaba, shekararsa talatin da takwas. Ranar da aka yaye shi aka miƙa shi ga Hajja, kakarsa ta wajen uba, wadda tsakanin ɗakinta da na Gwaggo bai fi taku goma ba. A can ya girma. Ya tashi yana jin yaran gidan suna cewa Yaya Kulu, shi ma ya kama, har yau haka yake kiranta. Ita kuwa ba ta kiransa komai. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan" ko "na Hajja". Hajja ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, amma ba a sauya masa mai shi ba. Ranar ɗaurin aurensa Gwaggo ta tafi gidan maƙwabta ta wuni tana taya su ɓarar gyaɗa, bayan ita ta dafa abincin da duk masu zuwa suka ci. Akwai wani mai shayi a kasuwar Kusada da shi ma Haladu ne sunansa. Gwaggo tana ce masa "mai sunan mutane", shi kuma yana amsawa.

Duk wannan bai hana su hulɗa kullum ba. Shi ke ɗauko mata kalwa daga Bauranya da Boko, shi ke kai daddawar Kankia. Sai dai magana ba ta tafiya tsakaninsu kai tsaye, sai ta bi ta wani. Na sha zama wannan wanin in na je gaishe ta. Haladu zai sauke buhu a tsakar gida, yana tsaye taku uku daga inda take, ya dube ni.

"Bishir, ka ce wa Yaya Kulu buhu ɗaya na samu. Ɗayan sai wata kasuwar."

"Ka ce wa wancan na ji," in ji ta, idonta a kan turmi. "Ka ce mashi akwai tuwo a rufe, in ya ga dama. Ba don shi anka aje ba."

Tuwon kullum yana nan a rufe, kullum kuma ba don shi aka ajiye ba. In babu kowa a gidan, akuya take faɗa wa.

Ni na karanta aikin jarida a jami'a, na gama bautar ƙasa bara, na dawo Kankia ina jiran abin da duk mai digiri yake jira. A watan Agusta wani abokin karatuna ya haɗa ni da Zainul Abidin, mai ɗaukar hoto a wata tashar labarai ta intanet a Abuja. Yana so ya je wani ƙauye yamma da Kankia wanda mutanensa suka watse bayan 'yan bindiga sun shiga sau biyu a mako ɗaya, ya ɗauki gidajen da gonakin da aka bari. Yana bukatar wanda ya san mutane da wanda ya san hanya. Na ce ni na san mutane, Haladu ya san hanya. Ni na kira Haladu. Ina yawan maimaita wa kaina wannan, ko da yake ba ya gyara komai.

Ranar Talata da safe muka tashi. Haladu ya zo daga Dudunni da ledar daddawa ɗaure a kan babur, ta wata mai tuwo ce a tasha, ya ce zai miƙa mata in mun dawo. Zainul Abidin ya hau bayansa, ya ɗora wata doguwar baƙar jaka a cinyarsa, wadda ƙafar kyamara take ciki. Ni na bi su a babur ɗin mahaifina. Mutum ne mai surutu, Zainul Abidin. Kafin mu bar kwalta ya riga ya tambayi Haladu abin da ke wari, ya kuma sa shi ya yi alkawarin zai sama wa matarsa irinta.

Gero ya yi tsawo a lokacin, ba ka ganin abin da ke bayan kwana sai ka sha ta. A wani ɗan rafi sarƙar babur ɗina ta zame. Na tsaya mayarwa, suka wuce gaba. Na mayar ke nan, hannuna duk baƙin mai, sai na ji harbi. Ba a daɗe ana yi ba. Na sha ƙoƙarin tuna sau nawa ne, wani lokaci in samu bakwai, wani lokaci goma sha ɗaya. Na saki babur ɗin na faɗa cikin geron, na ja ciki har inda nake hango hanya. Motar masu kaki ce tsaye a bayan kwanar. Babur ɗin Haladu yana kwance, tayar baya tana juyawa. Wani daga cikinsu ya zuge doguwar jakar, ya zaro ƙafar kyamarar, ya buɗe ta, ya tsayar da ita a tsakiyar hanya. Suka tsaya su huɗu suna kallonta. Daga nan suka ɗauki mutum biyun suka sa a mota, suka ɗora babur ɗin, suka naɗe ƙafar kyamarar suka tafi da ita. Ledar daddawar kaɗai suka bari.

Na kwanta a gonar nan har azahar ta wuce. Da na tashi na ɗauki ledar, na tura babur ɗin mahaifina har gida, ban tada shi ba. Bayan kwana biyu na kai wa mai tuwon daddawarta, ban san dalilin da ya sa na ga dole ne ba. Ta ce an makara.

Washegarin harbin labari ya fito cewa an kashe 'yan bindiga biyu yamma da Kankia, an kuma kama babur da wasu kayan aiki. Ranar Alhamis, da tashar Abuja ta nemi mutuminta ta rasa, sai ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya koma ɗan jarida, wanda ya rasu a musayar wuta. Ranar Juma'a ɗayan ya dawo da rai: yana wani asibiti a Katsina da harsashi a cinya, ana tsare da shi, ana zargin infoma ne da ya yaudari ɗan jaridar zai kai shi hannun 'yan bindiga.

Zainul Abidin ya samu abin da ya cancanta, Allah ya jiƙansa. Hotonsa ya zaga ko'ina, an faɗi shekarunsa da sunan matarsa da na 'ya'yansa biyu, 'yan jarida sun yi tattaki da baƙaƙen riguna a Abuja. Haladu kuwa a duk labaran "wani mutum" ne. Katin zaɓensa da takardun babur suna ƙarƙashin kujerar babur ɗin, babur ɗin kuma yana cikin kayan da aka kama.

Ranar Asabar wata 'yar jarida ta zo daga Legas da mai kyamararta. Ba ta jin Hausa. Ita kaɗai ce ta tambaya ko mutumin nan yana da iyali, ina faɗin wannan ne don a yi mata adalci. Abokin karatuna ya sake ba da lambata. Na kai ta Dudunni, ina ganin wannan ce damar da za a ji sunan Haladu.

Gidan cike yake da masu jaje. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baba Ɗalha, ƙanen mijin Gwaggo, yana zaune da wasu dattawa biyu na dangin mijin. Gwaggo ta fito da mayafi ta zauna a gefen turmi. Matan gidan sun gaya mini kwana huɗu ba ta ɗora tukunya ba, kuma ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai ce mura take yi.

Aka kafa kyamara. Da na ga ƙafafunta uku a tsaye sai na kau da kai, na sa hannuna a aljihu. 'Yar jaridar ta yi tambaya da Turanci, na juya ta Hausa.

"Gwaggo, wai tana tambaya, Haladu ɗanki ne?"

Tun kafin in rufe baki na san abin da na yi. Babu wanda ya fi ni sanin amsar da za ta bayar. Gwaggo ta dubi Baba Ɗalha, ta dubi dattawan, ta ja mayafi.

"Ni? A'a. Ban haife shi ba. Na Hajja ne."

"Wai mene ne cikakken sunansa?"

"Ban sani ba. A tambayi masu shi."

Dattawan suka gyaɗa kai. A wurinsu ta amsa daidai, yadda 'yar gidan mutunci za ta amsa a gaban dangin miji. Ni kuma na juya na fassara kalma da kalma, yadda aka koya mana a aji: kada ka ƙara, kada ka rage. Sai da aka kashe kyamara na yi wa 'yar jaridar bayanin kunyar ɗan fari, na ce ita ce uwarsa, duk garin ya sani. Ta saurara da kyau, ta rubuta a littafinta, ta ce al'ada ce mai ban sha'awa. Aka sake kunna kyamara, Baba Ɗalha ya yi minti ashirin yana ba da tarihin Haladu, tun daga kaciyarsa.

Abin da ya fito sakan goma sha tara ne: fuskar Gwaggo, da rubutun Turanci a ƙasa. Daga baya 'yar jaridar ta turo mini saƙo cewa ba ita ta yanka ba, editanta ne, kuma na yarda da ita. Kafin Litinin sauran jaridu sun ɗauka. Daga nan wasu gidajen rediyo na Hausa suka fassaro shi daga Turancin. Mutanen da na tabbata wasunsu uwayensu ba sa kiran sunansu suka zauna suka karanta cewa matar da ake cewa mahaifiyar wanda ake zargi ce ta nesanta kanta da shi, ta ce ko sunansa ba ta sani ba. Gwaggo ta ji a rediyonta na jikin rumbu. Rahamatu, matar Haladu, ta ce Gwaggo ta tsaya da taɓarya a hannu ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya, "Wace mata ce wagga?" Aka ce mata ita ce. Ta sauke rediyon, ta cire masa batir, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Mun yi duk abin da ake yi. Mai unguwa ya rubuta takarda, liman ya sa hannu, ƙungiyar 'yan acaba ta kawo hoton Haladu sanye da rigar ƙungiya. Na je Katsina na ba da shaida, aka rubuta. Aka tambaye ni me ya sa na ɓuya a gona in ba ni da laifi, na ce harbi ake yi, aka rubuta wannan ma. Wani lauya da 'yan jarida suka ɗauka ya gaya mini gaskiya a bakin motarsa. Ana shirin ɗauke Haladu daga asibiti zuwa wani wurin tsarewa a wata jiha da zarar ya iya taka ƙafa, kuma wanda ya shiga can, maganar shekaru ake yi. Mai binciken maganar Haladu ba mugu ba ne, in ji shi, amma a saman fayil ɗin akwai bidiyon uwa tana cewa ba ta san shi ba, kuma manyansa sun gani. Babu takardar da za ta ture wannan sai wani bidiyon. Ta zo da kanta, ta faɗi sunansa, ta ce ita ta haife shi.

Na same ta tana tsince tsakuwa daga kalwa a faifai. Na yi mata bayani sau biyu, na biyun a hankali.

"Ɗalha bai faɗa masu ba?"

"Ya faɗa, Gwaggo. An yanke."

"Liman hwa?"

"Ya sa hannu."

"To mi suke nema wurina? Duk garin ga an san ɗakin da anka yanke cibiyar yaron ga."

"Ke suka gani, Gwaggo. Ke suke so su sake gani."

Ta ɗauki wata tsakuwa ta duba ta, ta jefar.

"Kai da ka yi boko har ka ƙare, ba ka iya ce masu kunya ce?"

"Na ce. Bayan an kashe kyamara."

"Shi ke nan digirin?"

Ta ci gaba da tsincewa, har na ɗauka maganar ta mutu.

"Shina cin abinci can?"

"Ban sani ba. Ba a bari a gan shi."

Ta ajiye faifan.

"Ka ce ma Ɗalha ba da shi za a tafi ba. Ko shi ko wani namiji na gidan ga."

Washegari muka shiga motar haya daga Kankia zuwa Katsina. Ta riƙe wani kwano ɗaure a tsumma a cinyarta, ta ƙi bari a sa shi a but. Daga Charanchi har Rimi ina ganin leɓɓanta suna motsi, na ɗauka tasbihi take yi. Carbin yana cikin jakarta, sai daga baya na tuna, na gane suna take gwadawa a bakinta.

A wani ƙaramin ɗaki aka ajiye Haladu a ƙarshen baranda, da mai gadi a ƙofa. Ƙafarsa ta dama naɗe take tun daga gwiwa har ƙugu, hannunsa na hagu da ankwa a jikin ƙarfen gado. Ya ga wadda ta shigo, ya yi ƙoƙarin gyara zama, ya dube ni.

"Bishir, ka ce wa Yaya Kulu sannu da hanya."

"Ka ce wa wancan ya rame," in ji ta, tana kallon taga.

Mai binciken ya shigo da fayil a hammata, dattijo ne cikin farar kaftani, Hausarsa ta gabas. Ya duba takarda ya ce, "Malama Hawwa'u?" Gwaggo ta waiga bayanta don ta ga da wa ake. Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Inna," in ji shi, "ni ma ɗan fari ne. Shekarata hamsin da ɗaya, har yau uwata 'wannan yaron' take ce mini. Ranar da na ga bidiyon nan na gane abin da ya faru. Amma ba ni kaɗai nake karanta fayil ɗin nan ba. Ki dubi wayar nan, ki faɗi sunanki, ki faɗi nasa, ki faɗi abin da yake a wurinki."

Ya ɗaga wayar. Gwaggo ta gyara mayafi.

"Wanda ke kwance nan, ɗan gidanmu ne."

"Suna, Inna."

"Sunan mai shayin Kusada gare shi."

"A Abuja ba su san mai shayin Kusada ba."

Ta dubi ƙofa. Sannan ta ce a fitar da wancan daga ɗakin. Mai gadi ya ce mukullin ankwar yana wurin wani, wanin kuma ya tafi salla.

"To a toshe mashi kunne."

Mai binciken bai yi dariya ba. Ya leƙa baranda ya kira wata nas, ta kawo auduga. Haladu ya karɓa da hannunsa ɗaya da ke sake, ya cusa a kunnen dama, ya cusa a na hagu, ya mayar da kai kan matashi yana kallon silin. Gwaggo ta juya masa baya, ta matsa har goshinta ya kusa taɓa bango.

"Inna, fuskarki ake bukata."

"Ga ta nan inda take."

Sai mai binciken ya ture wata ƙaramar durowa, ya matse kansa a tsakaninta da bangon, fayil a hammata, waya a sama. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, hannuwana duka biyu a aljihu.

"Ni ce Hawwa'u ta Dudunni, mai daddawa," in ji ta.

Ta tsaya. Fanka tana juyawa. A baranda wani yana tura keken marasa lafiya mai ƙara, ya zo ya wuce, har aka daina jin sa.

"Haladu."

Ta faɗe shi da sauri, kamar mai sauke tukunya daga wuta babu tsumma. Da ta ga ba abin da ya faɗo, sai ta ci gaba.

"Sunanshi Haladu. Ni na haife shi. Ranar Laraba ce da hantsi, ana ruwa, kwana biyu ina naƙuda. Shina da tabo bayan kunnen hagu, ku duba. Zakara ya cake shi shina rarrafe, ina kallo daga ƙofar ɗakina, ban ɗauke shi ba don Hajja na zaune. Bai taɓa riƙe bindiga ba. Ko kaza za a yanka gidanshi sai ya kira maƙwabci. Ranar da anka harbe shi daddawata ya ɗauko, ta mai tuwon tasha. Ɗana ne. Na fari."

Ta dubi mai binciken.

"Ya isa, ko in sake?"

"Ya isa, Inna."

Ya fito daga matsin, ya je ya ɗaga kan Haladu ya ɗauki hoton tabon. Sai da ya janye zanen gado kafin ya kai ga kunnen, domin Haladu ya ja zanen ya rufe fuskarsa, kuma zanen yana motsi. Daga baya Haladu ya gaya mini auduga ba ta toshe komai.

Gwaggo ta kwance tsumman, ta ajiye kwanon a kan durowa, har yanzu bayanta take ba shi.

"Ka ce mashi ga tuwo nan. Don direba na kawo shi, bai ci ba."

Bayan kwana goma sha biyu aka sake shi. Ba a tuhume shi da komai ba, ba a kuma ce an yi kuskure ba. Takardar ta ce an kammala bincike a kansa. Babur ɗin ya dawo bayan wata guda, babu madubi ɗaya. Da muka ɗaga kujerar, katin zaɓen da takardun suna nan a cikin ledarsu yadda ya ƙulle ta. Maganar wanda ya yi harbin kuwa, an ce an kafa kwamiti.

Lauyan ya sama mini bidiyon na biyu. Na tura wa duk kafar da na san ta ɗauki na farko, da bayani a rubuce, Hausa da Turanci, na kuma bi da kira. 'Yar jaridar Legas ta rubuta dogon labari, ta ce editanta ya ce maganar ta huce. Wata jarida ɗaya, a ƙasan labarin addu'ar arba'in ta Zainul Abidin, ta ƙara layi guda cewa an saki mutumin da ke tare da shi. Ba suna. Da na gaya wa Gwaggo babu wanda ya sa bidiyon, ta ce, "Ashe suna da kunya."

Haladu bai manta da alkawarinsa ba. Ya ce in ce wa Yaya Kulu marigayin ya so a sama wa matarsa daddawa. Ta zaɓi ta tsakiyar kwando, ta ƙulle a leda biyu, ta sa a gwangwani, muka ba direban motar Abuja, wanda ya ce ba a kusa da shi za a ajiye ba.

Ni har yanzu in salansar babur ta yi ƙara a bayana sai na sami kaina a durƙushe. Mahaifina ya ce zai wuce. An sake kirana sau biyu in yi wa wasu baƙi tafinta, na ce ba ni da lokaci.

Haladu yana takawa da sanda yanzu, likita ya ce sai bayan kaka zai iya hawa babur. Yana wuni a inuwar darbejiyar da ke bayan katangar Gwaggo, yana gyaran igiya ko yana kallon hanya. Wata rana ya ce in tura masa bidiyon a wayarsa, bai ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Gwaggo ta koma ɗora tukunya. Rediyon ya koma jikin rumbu, sai dai in aka zo labarai takan ce wa Rahamatu ta murɗa zuwa wata tasha. Da ma'aikatan lafiya suka zo rabon gidan sauro suka tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce biyar.

Makon jiya na je Dudunni. Na same ta tana naɗa daddawa, tana danna babban yatsa a tsakiyar kowace ɗaya tana jerawa a tabarma. Na zauna a gefen turmi muka gaisa. Daga bayan katanga ana jiyo wata murya ƙasa-ƙasa, ta tsohuwa, tana magana, ta tsaya, ta koma farko. Gwaggo ta naɗa guda uku, sannan ta ɗago kai.

"Bishir."

"Na'am, Gwaggo."

"Ka ce wa wancan ya rage ƙarar wayar ga. Har nan ake jin ta."

Na zaga na faɗa masa. Ya rage kaɗan.